Robar Ƙofar Baya

Tun kafin motar ta shawo kwanar layin ya gane kukanta. Mai Fenti yana tsugune gaban bambar wata tasi, samfefa a hannu, sai hannun ya tsaya cak. Shi ya tayar da wannan motar daga mushe, shekarun baya, lokacin da ya sayo ta a lanƙwashe kamar gwangwanin da aka taka. Ya buge ta, ya shafe ta, ya haɗa mata wani shuɗi da babu irinsa a kowane kanti, yana ɗiga masa kore kaɗan-kaɗan har sai da matarsa ta ce, "Haka. Tsaya haka." Don ita ya yi motar. Ita ce kuma yanzu take fakawa a bakin garejinsa, bayan watannin da ta shafe a gidan yayanta ba ta ɗaga wayarsa.

Bai sake ta ba, ita ma ba ta ce ya sake ta ba. Jaka ɗaya ta ɗauka da makullin mota ta fita, kuma duk layin sun san dalili. 'Yarsu tilo, wadda suke kira Ɗigo don ranar da aka haife ta uban ya ce ba ta fi ɗigon fenti ba, zazzaɓi ya ɗauke ta tun ba ta isa shiga makaranta ba. Yarinyar ta bar bangon falo cike da zanen fensirin kala, iya inda hannunta ke kaiwa: gidaje masu ƙafafu, rana mai gashi, da wani dogon abu mai kunnuwa da ta rantse Babanta ne. Uwar takan zauna gaban bangon nan tun safe har tukunya ta ƙone a wuta. Shi kuwa da ya ga tana ƙarewa a gaban idonsa, sai ya yi abu ɗayan da ya iya. Ranar da ta je ganin likita, ya ɗauko burushi ya shafe bangon da fari, shafi biyu, tas, babu ko tabo. A zatonsa magani ya yi mata. Da ta dawo ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta taɓa bangon, ta dubi yatsunta, ta shiga ɗaki ta haɗa jaka.

Tun daga ranar abu ɗaya yake roƙo, a tsaye da a kwance: ta dawo gida. Ga ta kuwa yau, duk garejin da ke garin ta wuce su ta zo nasa. Zuciyarsa ta shiga dukan ƙirji kamar ta saurayin da aka yi wa sallama karon farko.

Mai Walda ne ya riga shi magana, dattijon da rumfarsa ke manne da garejin, wanda tun ranar aurensu har gobe bai daina ce mata amarya ba. Ya ɗaga baƙin gilashin idonsa zuwa goshi.

"Wa nake gani kamar amaryarmu? Ashe kina da sauran tausayi."

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, 'yata. Dubi mutumin naki. Tun da kika tafi ya koma kamar sandar walda da aka ci rabinta. Shayi da safe, shayi da rana. Rannan da tinar tsinka fenti ya kusa dafa shayin, ni na fizge kwalbar."

Ta ɗan yi murmushi, na tsohon kaɗai. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, amma har yanzu in ta juyo sai ya ji kamar an buɗe taga a ɗaki mai hayaƙi.

"Mai fenti," ta ce, "aiki na kawo."

Kalmar ta shige shi kamar tsinken waya a ƙarƙashin farce. Shekaru tana ce masa Baban Ɗigo. Kafin nan kuma akwai wani sunan da babu kunnen da ya taɓa ji sai nasa. Yau ya zama mai fenti, kamar yadda kowane direba ke ƙwala masa kira daga bakin titi. Ya goge hannu a jikin wando, ya zagaya motar yana neman inda aka buge.

"Me ya same ta?"

"Ba abin da ya same ta. Launi nake so a canza."

"Zuwa me?"

"Ko mene ne. Toka-toka ma ya yi."

Idonsa ya sauka kan robobin gefe, dogayen baƙaƙen robobin nan da ke manne a tsakiyar kowace ƙofa don kare ta daga bugun ƙofar maƙwabta. Nan take wata dabara ta zo masa, irin ta mai so wanda aka kora. In ya rufe su da salatif ya fesa fentin ya zagaye su, shuɗin zai zauna a ƙarƙashinsu, faɗin yatsu uku, ba mai gani. Duk inda ta je zai bi ta.

"To. Sai a rufe robobin a fesa. Ba sai an cire ba, kilif ɗinsu sun tsufa, suna iya karyewa."

Ta dube shi sosai, karon farko tun zuwanta.

"Ba kai kake cewa malalaci ne kaɗai ke zagaye roba ba? Mai wanka da riga, haka kake kiransu. Na ji ta a bakinka har na haddace."

Mai Walda ya yi dariya har da tari. "Ta kama ka, ɗana. Ka koya mata sana'a, yau ga ta tana yi maka jarrabawa."

"A cire su," ta ce. "Duka. Kuma a gabana."

Wato ko faɗin yatsu ukun ma ba ta yarda ya bi ta ba. Tsohon ya jawo mata wata tsohuwar kujerar mota da ke jingine da bango, ya kakkaɓe ta da hularsa, ya koma rumfarsa. Ta zauna, jaka a cinya, hannu biyu a kan jakar.

Ya fara da ƙofar direba. Ya kunna injin hura zafi ya bi robar da shi a hankali daga wannan kai zuwa wancan, har gam ɗin ya yi laushi. Ya naɗe bakin sukudireba da tsumma don kada ya karce jiki, ya ɗaga gefe kaɗan, ya zura zaren kamun kifi ta baya yana ja kamar mai zarto. Kilif suka dinga saki ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas, ƙas. Da robar ta rabu da ƙofar sai ya tsaya yana kallo. Shuɗin da ke ƙarƙashi yana nan kamar ranar da ya fesa shi, mai zurfi, mai ɗanshi a ido, rana ba ta taɓa lasarsa ba. Sai a lokacin ya ga yadda sauran jikin motar ya koɗe. Kullum yana ganinta, bai taɓa lura ba.

"Kin ga yadda yake a da," ya ce a hankali.

"Na gani."

Ya kifa robar, ya ɗauki tiyon iska ya hure ramin bayanta, ƙura ta tashi, ya rubuta mata gaba-hagu da alli ya ajiye kan benci. Haka maigidansa ya koya masa tun yana ɗan koyo, haka kuma ya yi wa kowace roba da ta taɓa ratsa hannunsa: a cire, a kifa, a hure, a rubuta. Hannun ya daɗe da daina neman izininsa.

Ya zagaya ɗaya ƙofar gaban. Magana ta fi sauƙi in mutum yana fuskantar ƙarfe.

"Firij ɗin ya daina ƙarar nan. Na gyara."

"Ka iya gyara ai."

"Maƙwabciyarki tana ta tambayarki. Ta ce kin tafi mata da rariyar shayi."

"Ka ce mata tana saman kabad, bayan kwalaben."

Ta tuna inda rariyar shayi take. Wannan kaɗai ya ishe shi ya yi ta maza. Ya jingina goshi da gilashin ƙofar, zaren yana naɗe a yatsunsa har sun yi fari.

"Ki dawo gida. Na yi laifi, na sani. In kika ce in kankare bangon nan da farcena zan kankare. Gidan ya yi mini yawa. Ina jin motsina ni kaɗai kamar ɓarawo."

Daga rumfar tsohon wuta tana ta walƙiya a jikin bango.

"Ka gama wannan tukuna," ta ce. "In ka gama sai mu yi magana."

Ba ta ce a'a ba. Ya juya kalmomin a ransa ta kowace fuska bai ga a'a a ciki ba. Jini ya dawo masa hannu. Ya fizge robar ta biyu da sauri har kilif biyu suka karye, bai damu ba, yana da wasu a gwangwani. Ya kifa, ya hure, ya rubuta. Ya dawo ɓangaren hagu ya tsuguna gaban ƙofar baya, wadda Ɗigo ke shiga ta cikinta saboda nan kujerarta take. Bai bari wannan tunanin ya zauna ba. Saura biyu, yake ce wa kansa, saura biyu a yi magana.

Ta gefen ido ya ga matarsa ta miƙe. Ta matso, ta ƙanƙame jakarta a ƙirji. Ya ɗauka gajiya ta yi da jira, sai ya ƙara sauri. Daidai nan iska ta yi ƙasa a tanki, kwamfuresar da ke ba tiyon iska ta tayar da kanta da wannan rugugin nata mai cika kunne, wanda ke sa kwanon rufi rawa. Robar ta saki. Ya kifa ta. Ya ga bakin matarsa yana motsi, ya ga hannunta ya miƙo, amma yatsansa ya riga ya danna tiyon iska.

Ba ƙura kaɗai ce ta tashi ba. Launuka ne suka watsu a iska, ja da rawaya da kore, ƙananan duwatsun kitso na roba, da takardun alewa masu ƙyalli an ninke su ƙanana-ƙanana, da maɓallai, da guntun bakin fensirin kala. Suka zuba kan simintin da ke jiƙe da ruwan gugar fenti, suka yi ta tsalle, suka gangara inda simintin ya karkata, wajen magudanar da ke tsakiyar garejin. Ya bi su da ido suna shigewa tsakanin ƙarafan murfin, ruwa mai launin madara yana raka su.

Matarsa ta zube kan gwiwoyinta cikin ruwan, tana tare su da tafin hannu.

Ya ruga ya kashe kwamfuresar. Shirun da ya biyo baya ya fi rugugin nauyi. Ya tsuguna kusa da ita yana lalube, ta ture hannunsa ba tare da ta dube shi ba.

"Mene ne wannan?" Ya san amsar, amma bakinsa ya tambaya.

"Ajiyarta ce." Muryar ba ta rawa, ta bushe ne kawai. "Kullum da safe, in ina kulle ƙofar gida, sai ta tsaya nan ta ɗaga bakin robar da farce ta tura abu. Ta ce in ta girma motar tata ce, za ta zo ta kwashe kayanta."

Sai ya tuna. Wata safiya ya ga bakin robar nan ya ɗan ɗago, ya danna shi da babban yatsa yana faɗa, wai wane ne ke ɓanɓare masa aiki. Ɗigo ta ɓuya bayan uwarta tana ƙyalƙyala dariya, hannu a baki. Ya duba agogo ya wuce gareji. Bai tambayi abin dariyar ba.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba? Kalma ɗaya fa. Da kin ce mini..."

"Tsoro nake ji a buɗe a tarar babu komai. In na faɗa da bakina, kuma ya zama babu, ban san yadda zan yi ba." Ta ɗago kai. "Kuma na zaci ka sani. Na ce in ya zo kan wannan ƙofar zai tsaya. Uba ne, zai tsaya."

Mai Walda yana tsaye a bakin garejin, gilashi a hannu, babu sauran wasa a fuskarsa. Ta buɗe tafinta. Dutsen kitso ɗaya ja, maɓalli ɗaya, da 'yar takardar alewa da ta jiƙe ta manne da fata. Abin da ya tsira ke nan. Ta ciro hankici ta ƙulle su, ta sa a cikin rigarta.

"Mayar da robobin," ta ce.

"Fentin fa?"

"Ba fenti na zo yi ba. Ban san yadda ake cire su ba ne, kuma ban yarda wani ya taɓa ba."

Wannan ta fi zagi zafi. Ashe yarda ce ta kawo ta. Ya miƙe da sauri, don wani abu ya faɗo masa.

"Saura ta dama. Ban taɓa ta ba. Ai ta can ma tana tsayawa, in an faka motar ta jikin bango. Zan shimfiɗa tsumma a ƙasa, in rufe magudanar, in cire tiyon ma gaba ɗaya in ba Baba ya riƙe. Ke za ki karɓe ta da hannunki. Don Allah, Maman Ɗigo."

Sunan ya fita bai shirya ba. Ta runtse ido kamar an watsa mata ruwan zafi. Sannan ta zagaya motar ta tsaya ta ba wa ƙofar baya ta dama baya, zanenta yana ɗigar da ruwan fenti.

"Kada ka taɓa ta."

"Ba da gangan na yi ba. Kin gani da idonki."

"Na sani. Na bangon ma ba da gangan ba ne." Ta yi maganar a hankali, babu ko ɗigon fushi, shi ya sa ta fi shiga. "Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Da mugu ne kai, da na san inda zan tare ka. Kai kuwa da kyakkyawar niyya kake zuwa. Hannunka ba ya ganin abu ya bar shi yadda yake."

"'Yata," in ji tsohon, yana matsowa, "ki bar shi ya gwada. Ni zan tsaya a kansa. In ya ko yi numfashi da ƙarfi zan maƙure shi."

"Baba, ka yi haƙuri. Ko akwai ko babu, gara ya zauna a ciki. A can dai na san ba mai hure shi."

Tsohon ya dubi Mai Fenti, ya dubi ƙasa, ya koma rumfarsa. Bai sake kunna wuta ba.

Mai Fenti ya ɗauko robobin uku daga benci. Bai taɓa yin aiki a hankali kamar na wannan rana ba. Ya murje ragowar tsohon gam da yatsa, ya goge wurin, ya jira ya bushe. Ya sauya kilif ɗin da suka karye. Ya shimfiɗa sabon salatif mai gam fuska biyu a bayan kowace roba, ya gyara bakinsa da reza. Bai buƙaci awo ba, layin sabon shuɗin nan ya nuna masa mazaunin kowacce. Irin wannan gam sau ɗaya yake kamu, in ya kama ya kama, don haka yakan daidaita kan robar tukuna, ya ɗauke numfashi, sannan ya zare takardar gam ɗin kaɗan-kaɗan yana bi da tafin hannu. Ta ƙofar baya ya bari a ƙarshe. Ba ta da nauyi ko kaɗan yanzu. Ya danna ta tun daga farko har bakin nan da ƙaramin farce ya saba ɗagawa, ya ji ya kwanta lif, ba zai ƙara ɗagowa ba. Aikin ya yi kyau ƙwarai, ya tsani kyansa.

Duk tsawon lokacin tana tsaye a inda take, tana gadin ƙofa ɗaya daga mijinta.

Da ya gama ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara. "Maganar da kika ce za mu yi."

"Mun yi ta ai."

"Da abin bai faru ba, me za ki ce mini?"

Ta buɗe ƙofar direba, ta tsaya riƙe da ita. Ya ga tana neman amsar da gaske, kuma ya ga lokacin da ta same ta ta yanke shawarar riƙe abarta.

"Yaya zai zo ya kwashi sauran kayana. Ka ba shi takardata in ya zo, kada ka sa ya yi ta zarya. Ka riƙa cin abinci."

Ta tayar da motar, ta yi baya a tsanake kamar yadda ya koya mata, ta gaida tsohon da hannu, ta hau titi.

Ya daɗe a tsaye kafin ya je ya ɗaga murfin magudanar. Ramin yana da zurfi, hannu ba ya kaiwa, ruwan kuma ya yi kauri da filar shafe mota da fenti. Ya shiga rumfar Mai Walda ba sallama, ya ɗauko mayen ƙarfen tsohuwar lasifika da ke ɗaure da igiya, wanda suke ciro noti da shi in ya faɗa lungu. Ya kwanta rub da ciki a kan jiƙaƙƙen simintin ya zura shi. Ya ja a hankali. Mayen ya fito da ƙusoshi biyu, da wani tsatsattsen noti, da garin ƙarfe ya yi masa gemu. Ya tsince su ɗaya-ɗaya yana dubawa, ya ajiye a gefe.

Tsohon ya zo ya tsaya a kansa. Ya buɗe baki zai gaya masa cewa duwatsun na roba ne, maye ba ya kama roba. Sai ya dubi ƙeyar mutumin, ya rufe bakinsa, ya tsuguna da ƙyar ya riƙe masa murfin.

Mai Fenti ya sake zura igiyar.